Kaset Mai Ruwan Ɗorawa: Tsofaffin Wasannin Gem a Bakin Tafkin Kainji

Laccar da aka gabatar ga ɗalibai, malamai da iyaye a garin Warra, Ƙaramar Hukumar Ngaski



Iyayenmu masu riƙe da sarauta, Allah ya ja zamaninku. Malamaina da abokan aikina, iyayenmu mata da ke zaune can gefe, da ku ƙannena da 'ya'yana ɗalibai, ina yi wa kowa barka da zuwa. Waɗanda suka ƙetaro ruwa da sassafen nan, sannunku da hanya, Allah ya mayar da ku gida lafiya.

Da aka sanar da abin da zan yi magana a kai, wani dattijo da nake ganin girmansa ya tare ni a ƙofar masallaci. Ya ce, "Malam, ga kifi yana ƙaranci a ruwa, ga samari ba aikin yi, duk ka tsallake waɗannan sai ka tara mutane a kan gem?" Na ce, "Baba, tambayarka tana kan hanya. Ka daure ka zo ka saurara, in na gama sai ka yanke hukunci." Ga shi can kuwa a sahun gaba. Baba, na gode ƙwarai.

Na baya ku ɗan ɗaga kai ku ga abin da ke hannuna. Kaset ne na gem, roba mai ruwan ɗorawa, bai cika tafin hannu ba. An manna masa takarda mai hoton wani ƙato rungume da bindiga, a samansa an jera lambar tara har sau bakwai, wai wasa 9,999,999 ne a ciki. Ku juya shi ta ko'ina, ba za ku ga sunan kamfani ba, ba adireshi, ba shekarar da aka yi shi. Bara na tsince shi a ƙasan akwatin ƙarfe na mahaifiyarmu, Allah ya jiƙanta da rahama, an naɗe shi cikin tsohon ɗankwali tare da katin jarrabawata na firamare. Ita ta ƙwace shi daga hannuna shekaru talatin da suka wuce. Dalilin ƙwacewar zan zo kansa.

Wani kawuna ne ya kawo mana shi. Sana'arsa fataucin bandar kifi daga Yelwa zuwa Onitsha, kuma bai taɓa dawowa hannu rabbana ba. A ranin 1993 ya sauko daga mota da wani kwali, a ciki akwai na'ura fara da ratsin ja, da hannaye biyu masu igiya, da 'yar bindigar roba, da wannan kaset. Babu wutar lantarki a gidanmu. Ruwan da muke wanka a ciki shi ke juya injinan Kainji, amma yawancin ƙauyukanmu a lokacin fitilar ƙwai muke kunnawa. Abin da muke da shi 'yar talabijin ce mai baƙi da fari, tana aiki da batirin mota wanda ake ɗaurawa a bayan keke a kai caji. Sai da aka kira mai gyaran rediyo na unguwarmu. Ya zauna a kan tabarma da dalmarsa, ya yanke wayar adafta, ya ƙara wasu 'yan tarkace daga aljihunsa don rage ƙarfin wuta, ya haɗa da batirin. Ya dinga murɗa maɓallin neman tasha a hankali, gilashin yana ta yayyafi yana shuuu, mu kuma mun kai mu ashirin a tsakar gida ko tari ba mai yi. Can sai yayyafin ya ɗauke, jerin rubutu ya fito. Ihun da muka yi sai da kaji suka watse.

Wanda ya yi wasa da batirin mota ya san wani abu da yaran yanzu ba su sani ba. In caji ya fara ƙarewa, hoton ba ya ɗaukewa gaba ɗaya. Tsukewa yake yi sannu a hankali, baƙi yana cinye shi daga sama da ƙasa da gefe, har ya koma kamar akwatin ashana a tsakiyar gilashi. Mukan matso, mu ƙara matsowa, goshi ya kusa taɓa talabijin, muna roƙon Allah ya bar mu mu ƙarasa wannan mataki. In kuma kaset ya ƙi kamawa, sai a zare shi a hura masa iska da baki, a goga a riga, a mayar. Daga baya na gane hurawar ba ta gyara komai; zarewa da mayarwar ce ke sa haƙoran ƙarfen su zauna daidai, danshin baki kuwa tsatsa yake jawo musu. Yara a Japan da Rasha da Brazil duk haka suka yi ta hurawa, ba wanda ya koya wa wani.

Wasan da ya fi cinye mu shi ne wanda muke kira Tanka. Kai da ɗan'uwanka kowa da tankar yaƙinsa, a ƙasan gilashi akwai wata mikiya da aka kewaye da bulo, ita ce amanar da aka ba ku. Tankokin abokan gaba 20 ne a kowane mataki, suna ɓullowa daga sama. In suka fasa bulon suka harbi mikiya, wasa ya ƙare ko da kuna da sauran rai goma. Harsashinka ma yana iya kashe ta, don haka garaje ba ya yi. In ka harbi ɗan'uwanka bisa kuskure sai ya sandare na ɗan lokaci, abokan gaba su same shi a tsaye. Ba wanda ya zaunar da mu ya koya mana, amma cikin mako guda mun raba aiki: ɗaya ya tsare gida, ɗaya ya fita farauta. Ni da yayana mun sha faɗa a kan wa zai tsaya gadi, don kowa farauta yake so, sai dai duk ranar da muka fita mu biyu, mikiya ce ke biya. Akwai kuma wata alama da in ka taka ta tankarka za ta iya bi ta kan ruwa. Mu 'yan bakin kogi, wannan muke kira kwale-kwale, kuma har rige-rigen ɗaukarta muke yi ko babu ruwa a matakin.

Haka muka raɗa wa kowanne suna, tunda ba ma iya karanta abin da ke rubuce, wani ma da rubutun Japan yake. Akwai Mai Zaki, yaron da ke hawan zaki yana tsallake zoben wuta. Akwai Mai Babur, da Harbin Agwagwa, da Ɗan Ƙanƙara, da Mai Gatari wanda in bai ci 'ya'yan itace ba ƙarfinsa ke ƙarewa. Ƙaton da ake tararwa a ƙarshen mataki kuwa sunansa bos, kamar yadda muke kiran mugu a fim ɗin Indiya. Wasa kusan miliyan 10 da aka yi mana alkawari, da muka bi su ɗaya bayan ɗaya, ba su wuce goma sha ba. Sauran maimaici ne: wasa ɗaya a canza masa launi, ko a fara shi daga mataki na biyar, a ba shi sabuwar lamba.

Sai da na je Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, na fara shiga intanet, sannan na san sunayensu na yanka. Mai Zaki ashe Circus Charlie ne na kamfanin Konami, 1984. Mai Babur Excitebike ne, shi ma 1984. Mai Gatari Adventure Island ne na Hudson Soft, 1986. Tanka kuwa Battle City ne na Namco, 1985, amma wanda muka buga ba shi ne na asali ba. Wasu 'yan China ne suka buɗe cikinsa suka yi masa ƙari suka kira shi Tank 1990, kuma kwale-kwalen nan da muke rububi su suka saka shi. Na'urar kanta kwaikwayo ce ta Family Computer, wadda ake taƙaitawa Famicom, da kamfanin Nintendo ya fitar a Japan ranar 15 ga Yulin 1983. Shekara goma cif ta yi kafin inuwarta ta iso tsakar gidanmu.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne ba mu kaɗai ba ne. Masana'antun Taiwan da China sun kwaikwayi na'urar nan suka cika duniya da ita. A Rasha sunanta Dendy, mai tambarin ɗan giwa, ta shiga kasuwa a 1992. A Poland Pegasus. A Brazil akwai Phantom System. A China akwai Subor, wadda aka yi wa madannai irin na kwamfuta don iyaye su saya da sunan karatu. Nintendo ba ta buɗe shago a Kano ko Sakkwato ba, kuma ko ta buɗe, kuɗin na asali ya fi ƙarfin mai sayar da bandar kifi. Ta kasuwar Alaba a Legas, da Onitsha, da Sabon Garin Kano kayan suka biyo, a cikin kwali ɗaya da rediyo da tocila. Ba zan tsaya a gaban ɗalibai in halatta kwafar aikin wani ba da izininsa ba. Haƙƙi haƙƙi ne, kuma masu kwafar nan har sunayen waɗanda suka yi wahalar suka goge daga fuskar wasannin. Amma ba zan ɓoye muku ba, ba don wannan kwaikwayon ba, da ni da miliyoyin yara irina ba mu taɓa kwamfuta da hannunmu ba sai mun girma. Littattafan tarihin wannan fanni daga Amurka da Japan ake rubuta su, suna ba da labarin wanda ya ƙera da wanda ya sayar. Yaron da ya ɗaura batiri a keke ba ya ciki.

Bari mu koma baya kaɗan mu mayar wa masu suna sunayensu.

A 1968 aka kammala madatsar Kainji, ruwa ya taru ya zama wannan tafki da ke bayanmu. A wannan shekarar, a jihar New Hampshire ta Amurka, wani injiniya mai suna Ralph Baer, wanda ya tsere daga Jamus yana saurayi a 1938, yana ƙarasa wani akwati mai launin katako da ake haɗawa da talabijin a yi wasa. Shi ya zama Magnavox Odyssey a 1972, na'urar gem ta gida ta farko da aka sayar a kasuwa. Ko sauti ba ta da shi. A wannan shekarar ta 1972 kamfanin Atari ya ajiye wani akwati a wata mashaya a Kalifoniya, da wasa mai suna Pong: sanda biyu da ɗigo ɗaya yana kai da komo. Ba a daɗe ba mai wurin ya kira ya ce na'ura ta lalace. Da injiniyan da ya haɗa ta, Allan Alcorn, ya buɗe, sai ya tarar kuɗi ne suka cika ma'ajin har suka toshe ramin. Daga nan gidajen gem na jefa kwabo suka yaɗu.

Na'urorin farko wasanninsu a cikinsu suke, in ka gaji da su sai dai ka sayi wata. Dabarar kaset mai ɗauke da wasa a cikinsa, irin wannan da ke hannuna, ta fara fita kasuwa ne da wata na'ura da kusan kowa ya manta, Fairchild Channel F, a 1976. Wanda ya jagoranci injiniyoyin da suka yi ta baƙar fata ne, Jerry Lawson, haifaffen birnin New York. Ya rasu a 2011. Ɗalibai, ku riƙe sunan nan.

Inda nake so mu ɗan zauna shi ne kan na'urar Atari ta 1977, wadda daga baya aka sa wa suna 2600. Ma'ajin tunaninta, wato inda take riƙe abin da ke faruwa a cikin wasa, gurbi 128 ne kacal, kowane gurbi kamar harafi ɗaya. Saƙon tes guda ɗaya a wayarku yana ɗaukar harafi 160. Kun ga ke nan ko gaisuwar Juma'a ba za ta shiga ba. Ba ta da inda za ta ajiye hoton da ke kan gilashi. Mai rubuta wasan dole ya dinga ba talabijin umarni layi bayan layi, a daidai lokacin da hasken ke zana layin, in ya makara ƙiftawar ido hoto ya hargitse. A cikin wannan ƙunci aka yi wasanni biyu da in ɗan Warra ya gani zai ce don shi aka yi.

Na farko Fishing Derby, na David Crane, 1980. Masunta biyu ne zaune a gaɓa biyu, kowa ya jefa ƙugiya. Kifin da ke can ƙasa ya fi nauyi, amma jawo shi ya fi daɗewa, ga wani babban kifi mai cin 'yan'uwansa yana shawagi kusa da saman ruwa yana jiran ka jawo ya fizge. Wanda ya fara tara nauyi 99 ya ci. Ka tsaya a sama ka tsinci ƙanana cikin aminci, ko ka nutsa ka yi kasada? Duk Basarken da ya taɓa shawarar inda zai zuba mamari ya san wannan lissafi.

Na biyu shi ne wanda na fi ƙauna, River Raid, 1982. Jirgin sama ne yake bin kogi yana haurawa, ba ya iya fita daga tsakanin gaɓa biyu. Kogin yakan buɗe, ya tsuke, ya rabu biyu ya kewaye gungu, sai ka zaɓi hannun da za ka bi. Mai yana ƙarewa, sai ka bi ta kan tankin mai ka sha. Kana iya harbe tankin ka samu maki, amma ka san abin da ka yi wa kanka. In ka fasa gada ka shiga sabon yanki. Abin tambaya: kaset ɗin gurbi 4,096 ne gaba ɗayansa, ina aka ajiye taswirar kogin da mutum zai yi awa yana bi bai ga ƙarshensa ba? Ba a ajiye ta ko'ina ba. An rubuta wata 'yar ƙa'idar lissafi ce wadda in ka ba ta lamba za ta haifi wata lamba, wannan ta haifi ta gaba, haka har abada. Kowace lamba ita ke nuna faɗin ruwa, da inda gungu zai fito, da inda jirgin abokan gaba zai tsaya. Da yake kullum daga lamba ɗaya ake farawa, kogin ba ya canzawa, har mutum ya haddace shi kamar yadda matuƙin jirgi ya haddace hanyar Warra zuwa Yelwa, ya san inda kututture yake a ƙarƙashin ruwa. Iri aka ajiye a cikin kaset, kogin kuwa tsirowa yake yi duk lokacin da aka kunna.

'Yan matan da ke cikin ɗakin nan, ku saurara da kyau. Wadda ta yi wannan aiki mace ce, Carol Shaw, a kamfanin Activision, kuma an sayar da kaset ɗin sama da miliyan ɗaya. Tun tana makaranta gwanar lissafi ce.

Irin wannan dabara ta cika wasannin zamanin. A Super Mario Bros. na 1985, ku lura da gajimare da ke sama da ciyawar da ke ƙasa: zane ɗaya ne, launi kawai aka canza don a tsimi wuri. Wasan dukansa, da kiɗansa da duniyoyinsa takwas, hoto ɗaya da za ku ɗauka da waya yau ya ninka shi girma sau da yawa. A Space Invaders na 1978, Tomohiro Nishikado ya lura cewa in dodannin suka ragu na'urar tana samun sauƙin aiki sai sauran su ƙara gudu. Bai gyara ba, ya bar shi, kuma wannan gudun ne ya zama daɗin wasan. Mai gyaran rediyon unguwarmu da ya ƙera mana hanyar wuta daga tarkacen aljihunsa, da a ce ya haɗu da mutanen nan, da sun fahimci juna ba tare da tafinta ba.

Bindigar Harbin Agwagwa ta daɗe tana ɗaure mana kai. Har musu muka yi, wasu suka ce wani haske take harbawa. Ashe ba ta harba komai, gani take yi. In ka ja kunama, gilashin yakan yi baƙi ƙirin na ɗan lokacin da ido ba ya kamawa, sannan farin murabba'i ya fito a daidai inda agwagwa take. A bakin bindigar akwai ƙwayar da ke jin haske. In ta ga farin, ka samu. Wannan dabara sai da tsohuwar talabijin mai ƙeya. In ka haɗa da ta bango irin ta yanzu, ko ka manna bindigar a gilashi ba za ka samu ko ɗaya ba, karen da ke cikin wasan ya fito ya yi ta yi maka dariya. Ranar da talabijin mai ƙeya ta ƙarshe ta mutu, wasan ya tafi da ita a yadda muka san shi.

Abubuwan nan ɓacewa suke yi, kuma da sauri. A 1983 kasuwar gem ta Amurka ta durƙushe saboda an cika ta da wasanni marasa kyau, har Atari ta kwashi kaset mota-mota ta binne a juji a garin Alamogordo na jihar New Mexico. Mutane suka yi ta cewa almara ce, sai a Afrilun 2014 aka haƙa aka same su. A 2023 wata cibiyar adana tarihin wasannin bidiyo a Amurka ta fitar da bincike cewa kashi 87 cikin 100 na wasannin da aka fitar a ƙasar kafin 2010 ba a samunsu a kasuwa yanzu. Can ke nan, inda suke da gidajen tarihi. Wani ɗan Italiya, Nicola Salmoria, ya fara wani aiki a 1997 mai suna MAME, manhajar da ke sa kwamfutar yau ta kwaikwayi tsofaffin akwatunan jefa kwabo, kuma masu sa kai daga ƙasashe da yawa suna ci gaba da shi har gobe. Sun ceci dubban wasanni. Sai dai manhaja ba za ta ceci sunan Mai Zaki ba, ko tsukewar hoto in batiri ya yi sanyi.

Mu mutanen wannan yanki ba sai an yi mana bayanin ɓacewa ba. Da ruwa ya taso, kimanin mutum 44,000 aka tayar daga garuruwansu da gungayensu. Tsohuwar Bussa, inda Mungo Park ya gamu da ajalinsa a 1806, tana ƙarƙashin tafkin nan. Kakata Bagungiya ce. Takan nuna wani wuri a tsakiyar ruwa daga cikin jirgi ta ce nan ne tsamiyar ƙofar gidansu, ta lissafa gidajen maƙwabta ɗaya bayan ɗaya. Ina yaro ban rubuta ba. Yau in kun tambaye ni ba zan iya kawo uku ba. Ban haɗa gem da garin kakanni a ma'auni ɗaya ba, Allah ya kiyaye. Amma sakacin iri ɗaya ne: abin da kowa ya sani, ba wanda ke ganin ya kamata a rubuta shi.

Bayan kaset sai ga ɗan gem na hannu mai batiri biyu, wanda ake jera bulo. Shi ya fi shiga lungu, don ba ya neman talabijin, kuma shi ne ya shiga cikin gida wurin mata. Yayyenmu mata sun fi mu iya shi nesa ba kusa ba. Asalinsa Tetris ne, wanda Alexey Pajitnov ya ƙirƙira a Mosko a 1984. Sannan wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, ta zo da macijin Nokia, wanda wani ɗan Finland, Taneli Armanto, ya rubuta, shi ma jikan wani wasan jefa kwabo ne na 1976 mai suna Blockade. Na sha ganin masunta a bakin ruwa suna jiran lokacin jan taru, kai a sunkuye, maciji yana ta tsawo. A tsakanin nan gidajen gem suka buɗe a Yelwa da sauran garuruwa, da janareta da benci da Sega, wanda ya ci ya zauna, wanda aka cinye ya miƙa hannu.

Yanzu, Baba, ga dalilin da ya sa mahaifiyata ta ƙwace kaset. Kwana uku a jere ban je makarantar allo ta yamma ba, rana ta huɗu kuma aka kira magariba ina riƙe da hannun gem na ce bari in ƙarasa. Ba ta yi mini tsawa ba. Ta zo ta zare kaset ɗin ana cikin wasa, ta shige ɗaki. Gaskiyarta ce, kuma da ni ne a matsayinta yau abin da zan yi ke nan. Iyayen da suka yi ƙorafi a kan gidajen gem ba ƙiyayyar zamani ce ta sa su ba. Sun ga yaro ya ɗauki kuɗin cefane, sun ga an fara sa kuɗi a kan wa zai ci, wanda caca ce ƙarara. Akwatunan jefa kwabo tun asali an tsara su ne su yi wuya don ranka ya ƙare da wuri ka sake jefawa. Na wayoyin yau sun fi su iya wannan nesa, don su ba su da ƙarshe, ba batirin motar da zai tsuke hoto ya tashe ka, ga tallar caca tana leƙowa ta kowane gefe. Duk wanda ya bar ɗansa da waya har tsakar dare ya sani ba Tanka yake bugawa ba.

Amma ta ajiye shi, ba ta jefa a ruwa ba. Na daɗe ina tunanin wannan.

Saura magana ɗaya, ta harshe. A shekarun 1980 wani ɗan kasuwar Kuwait, Muhammad al-Sharikh, ya ɗauko ƙananan kwamfutocin Japan samfurin MSX ya sa aka mayar da su Larabci, da haruffan Larabci a kan madannai, ya kira su Sakhr. Aka yi musu kaset na wasanni da na koyon karatu, har da manhajar Alƙur'ani mai girma. Yaran Larabawa da yawa da harshen uwarsu suka fara taɓa kwamfuta. Mu kuwa da rubutun Japan muka fara, muna lalube. A Kamaru wasu matasa a Yawunde, kamfanin Kiro'o, sun fitar da wasa mai suna Aurion a 2016, da tufafi da labari irin na Afirka. Mu da muke da dara fa? Gurbi 30, kowa da 'ya'ya 12, ka jera uku ka ci ɗaya. Ƙa'idarta ta fi ta River Raid sauƙin rubutawa, kuma littattafan wasannin duniya in sun zo kanta Dakarkarin ƙasar Zuru suke ambata, maƙwabtanmu a jihar nan. Ga tseren jirage na bikin Rigata a Yauri. Ga matuƙin da zai fito da jirgi daga Warra ranar kasuwa, ya kauce wa kututture da iska, ya san iya lodin da jirginsa zai ɗauka, ya tabbatar kowa ya sa rigar ruwa kafin ya tayar da inji. Wanda ya rubuta wannan wasa da Hausa, ko da Gunganci ko Kambarci, yaran gungu za su buga shi, kuma wani abu zai zauna musu a kai. Wayar da ke aljihun mafi talaucin ɗalibi a nan ta fi na'urar Carol Shaw ƙarfi sau dubbai.

Ga abin da nake roƙo kafin hutu ya ƙare. Kowane ɗalibi ya samu wani a gidansu da ya haura shekara 35, namiji ko mace, ya tambaye shi wane gem ya fara bugawa, a wane gari, a gidan wa, wa ya kawo shi, da wace wuta, kuma da wane suna suke kiransa. Ku rubuta yadda ya faɗa, kada ku gyara masa Hausa. In akwai tsohon kaset ko na'ura ko talabijin mai ƙeya a ɗakin ajiya, kada a sayar wa 'yan gwangwan, a kawo makaranta mu rubuta sunan mai shi a jiki. In kun zauna da kakanninku kuma, ku ƙara da tambayar sunayen gungayen da ruwa ya ci, da wasannin da suke yi a can da farin wata. Littafi ɗaya za mu saya mu haɗa duka.

Na zo da na'ura irin ta kawuna, wadda na samo a Sabon Garin Kano, ga talabijin mai ƙeya da wani bawan Allah ya ara mana, ga batiri an yi masa caji jiya. Daren jiya na goge haƙoran kaset ɗin nan na gwada shi, ya kama. Bayan mun idar da sallar azahar za mu haɗa a nan kan teburi. Ina neman mutum biyu, ɗaya mai tsaron mikiya, ɗaya mai fita farauta. Baba, in ka amince, hannu na farko naka ne.